Daga Shara Mansur zuwa bakin Rub'ul Khali: yadda muka je neman mariri

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara kenan da dawowarmu Makka amma har yanzu in na zazzage takalmina sai jan yashi ya zubo, to bari dai in rubuta labarin nan tun kafin wasu abubuwan su kwanta min.

Asalin tafiyar Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Mutumin wajen Dakoro ne a Nijar, ya shigo Makka tun zamanin Sarki Khalid, ya shekara arba'in da wani abu yana ɗinki a Shara Mansur har ido ya fara rauni ya bar wa yara shagon. Ni kuma a Jibiya aka haife ni, shekarata sha ɗaya a nan ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wani dare bayan isha'i muna zaune ƙofar shagon muna cin tsire, wanda yaran nan haifaffun Makka ke ce ma siriye, sai babban ɗansa da nake kira Yaya ya nuna masa wani bidiyo a waya, wata farar dabba mai dogon ƙaho tana tsaye kan tudun yashi. Kawu ya karɓi wayar ya kai ta har kusa da hancinsa, yai shiru, can sai yace "wannan ai mariri ne". Ni wallahi abinda na sani da Mariri unguwa ce a Kano inda ake kasuwar goro, ban taɓa sanin sunan dabba bane. Yace kakanmu yana da garkuwa ta fatar mariri da ya samu wajen wani Buzu, kuma shi da kansa ya taɓa ganin garkensu sau ɗaya tak yana yaro, arewa da Gadabeji, suna tafe kamar an shanya fararen kaya a daji. Daga nan bai ƙara gani ba, sai labari cewa sun ƙare. Yace "in dai suna nan ƙasar nan da rai, ku kai ni in gani kafin idon ya ida tafiya."

Yaya ne ya ɗauki nauyin shirin. Wurin da zamu je, gandun namun daji ne a bakin hamadar Rub'ul Khali, ba inda za ka tashi kawai ka afka bane, sai da izini da ɗan jagora, kusan sati uku ana ta waya kafin a bamu rana. Muka zaɓi Janairu saboda da bazara ba mai hankalin da zai kai tsoho cikin wancan yashin.

Bayan sallar asuba ranar Laraba muka ɗau hanya a tsohuwar Land Cruiser ɗin Yaya, bayanta cike da jarkokin ruwa, barguna, dabino, kilishi, garin kwaki, butar shayi da ƙaramar tukunyar gas. Muka hau ta Hada, hanyar da ke hawa dutse zuwa Ɗa'ifa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san yadda take nannaɗe dutse kamar rawani, ga hazo ya rufe ko'ina ga birai zaune bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba, kunnena ya toshe kafin mu kai sama. A Ɗa'ifa muka karya da tamis da ful da shayi mai madara, mu uku riyal 22, sanyi kuwa kamar tsakiyar hunturu a Jos.

A nan Yaya ya fara bamu tarihi don shi mutum ne mai bin diddigin abu. Yace Larabawa na ce wa mariri maha, wasu wudaihi, kuma da idonta mawaƙansu na da ke kwatanta idon kyakkyawar mace, shi yasa za ka ji 'yan mata da yawa sunansu Maha. Da can ta cika hamadar Larabawa, Badawi kan bi ta da ƙafa ko a raƙumi kwana da kwanaki ya samu ɗaya, wannan bai ƙarar da ita ba. Abinda ya ƙarar da ita mota ce da bindiga mai sarrafa kanta, a fito ayari guda a kora garke har su gaji su tsaya a harbe. A 1972 aka rasa ta ƙarshe da ke yawo a daji, can ƙasar Oman. Allah da ikonsa shekara goma kafin nan, a 1962, wasu masu kishin namun daji sun je gabashin yankin Aden sun kamo, guda uku suka rayu, maza biyu mace ɗaya, aka haɗa da ɗaya daga gidan zoo na Landan, ɗaya daga sarkin Kuwait, huɗu daga Sarki Sa'ud, suka zama tara aka kai su gidan zoo na Phoenix a Amurka saboda yanayin can ma hamada ne. Tara fa jama'a. Daga su da 'yan kaɗan da suka rage a gidajen sarakunan Larabawa aka sake tada iri.

Abinda ya fi taɓa ni shine labarin cibiyar binciken namun daji da ke nan kusa da Ɗa'ifa, wadda aka buɗe a 1986. An kwaso mariri hamsin da 'yan kai daga Sumama kusa da Riyad aka kawo su, sai tarin fuka ya ɓulla a cikinsu. Maimakon a haƙura, sai aka riƙa yi wa manyan magani, duk wadda ta haihu a ɗauke ɗan nan take a shayar dashi madara a kwalba da hannu don kar ya ɗauki cutar, haka akai ta yi har aka samu tsatso mai lafiya wanda za a iya saki. Kawu yace "wannan ai renon maraya ne." Ni tunanina ya tafi kan mutanen da suka riƙa tashi tsakar dare suna dama madara saboda ɗan dabbar da ba za ta taɓa sanin su ba.

Fita daga Ɗa'ifa akwai shingen jami'an tsaro, aka karɓi iƙamarmu aka duba, jami'in ya leƙa bayan mota ya ga jarkoki yace ina zuwa, Yaya yace zamu je ganin maha. Ya kalli Kawu da farin gemunsa yai murmushi yace Allah ya kiyaye hanya ya baba, ko minti uku bamu yi ba. Muka cika tanki, lita riyal 2.18, muka miƙe titin Riyad. Ba abin faɗa a wannan tsakanin, fili ne da manyan motoci da kyamarar Sahir da ke sa kowa ya riƙe ƙafarsa.

Wajen azahar muka kai Muwaih, muka sauka daga kwalta muka bi hanyar ƙasa har muka iske shingen wayar gandun namun daji na Mahazatus Said, wadda yanzu ake kira da sunan Imam Sa'ud bin Abdul'aziz. Ba mu da izinin shiga nan, Yaya dai yace lallai sai mun ga shingen. Kuma gaskiyarsa. An zagaye wurin da waya tun 1989, fili sama da murabba'in kilomita 2,000, aka fara sakin mariri ciki a 1990, daga baya aka ƙara da barewar yashi da suke ce ma rim, da tuje, da jimina mai jan wuya irin tamu ta Afirka saboda jiminar Larabawa ta asali ta riga ta ƙare gaba ɗaya.

To abinda na gani a bakin wayar nan ba zan manta ba. Inda muke tsaye ƙasa ce fayau, tsakuwa da kashin raƙumi da 'yan itatuwan ƙaya da aka gwaigwaye har iya inda wuyan raƙumi ke kaiwa, duk sun zama kamar lema. Taku ɗaya, ɗaya fa, ta cikin waya, ciyawa ce tsaye dami-dami ta bushe tayi ruwan zinariya har gwiwa, itatuwan samur rassansu har ƙasa, ga ƙananan da suka tsiro a gindinsu. Ruwan sama ɗaya ke sauka a ɓangarorin biyu, ƙasa ɗaya, rana ɗaya. Kawu ya zira hannu ta ramin wayar ya tsinko ciyawa ya murza ya shinshina, yace rabon da ya ji wannan ƙanshin tun yana kiwon awakin kakarmu. Ni da nake zaton hamada haka Allah ya halicce ta ba ta fidda komai, a nan na gane yawancin abinda muke kira hamada ƙasa ce da ba a bari ta huta ba. Mariri bamu gani ba ranar, sai wasu barewa uku can nesa da suka ɗaga kai suka kalle mu suka ci gaba da kiwo.

Muna nan sai ga garken raƙuma, bayansu wani baƙin mutum da rawani ya naɗe fuska. Yai mana sallama da Larabci, ya ji Kawu na min magana sai ya tsaya cak yace "Hausa kuke ji?" Ashe Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kakanninsa cikin waɗanda suka yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, da Larabci a cikinta nan da can. Ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu yana "sannu Baba, sannu da hanya", yace wata bakwai rabon da ya yi Hausa da wani ido da ido sai dai ta waya, iyalinsa kuma yaƙin da ake yi ya sa sun bar gida sun koma wajen Gadarif. Ya ja mu har tantinsa, ya tatso taguwa a kwano, kumfa har tana zuba, ya miƙa wa Kawu tukuna. Mu kuma muka bashi kilishi da goro biyu da Kawu ya ɓoye a aljihu, wallahi yadda ya karɓi goron nan sai da idona ya kawo ruwa.

Shi ya fayyace mana abinda ya cinye ƙasar. Yace da Badawi bin ruwan sama yake, in ciyawar wuri ta ƙare ko rijiya ta yi nisa dole ya tashi, wurin ya samu shekara ko biyu ba kofato. Yanzu kuwa, ya nuna mana tankar ruwa da buhunan sha'ir jibge bayan tanti, ruwa na zuwa a mota abinci na zuwa a mota, to me zai tada garke? Suna nan wuri ɗaya rani da damina, duk abinda ya leƙo daga ƙasa an lashe shi kafin ya yi iri. Yace shi ma'aikaci ne, raƙuman na maigidansa ne, amma yana gani da idonsa.

Sannan ya faɗi wani abu da Yaya ya tabbatar, cewa wayar nan da ta ceci dabbobin ita ta taɓa zame musu ajali. Shekarun fari tsakanin 1999 da 2008, dabbobin sun yi yawa ciki, ciyawa ta ƙare, ɗabi'ar mariri kuma in ta ji alamar ruwa ya sauka wani wuri mai nisa sai ta kama hanya, sai ta zo ta tarar da waya. Ɗaruruwan mariri da dubban barewa suka mutu, da yawa a jikin shingen aka tsinci gawarsu. Wannan magana ta tsaya min a rai duk yammacin. Ka tsare dabba daga maharbi ka kuma tsare ta daga ruwan sama. Shi yasa wurin da zamu je ya bambanta, can babu waya ko ɗaya.

A Khurma muka kwana, ɗaki biyu da falo riyal 130, na'urar ɗumama ruwan wanka ta lalace sai a butar shayi muka dafa wa Kawu ruwan alwala. Mandi na rabin kaza uku da laban riyal 60.

Alhamis hanya ce kawai, Ranya, sannan doguwar tafiya gabas da ba ka ganin komai sai allon gargaɗin raƙuma. Wani shingen tsaro ɗaya, iƙama, a wuce. Abin mamaki sai da muka kusa Wadid Dawasir, kwatsam sai ga gonaki kore shar zagaye-zagaye kamar faifai, kowace da dogon bututu mai taya yana juyawa yana fesa ruwa. Kyau kam akwai kyau. Amma ruwan daga can ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, ruwan da ya taru tun dubban shekaru kuma ba ya komawa, shi yasa ma gwamnati ta taka wa noman alkama da ciyawar dabbobi birki a shekarun baya. Na tuna rijiyoyin garinmu da kowace shekara sai an ƙara wa guga igiya. A Khamasin muka sayi burodi da ƙwai da gawayi, gawayin ma na waje ne da ake shigowa dashi, don a nan sare itace ɗaya tararsa na iya kaiwa riyal 20,000, kuma akwai jami'an tsaron muhalli na musamman masu bin daji suna kamawa. Na tuna motocin gawayi da ke fitowa daga dazukanmu dare da rana an yi musu lodi har suna rangaji, kowa na gani, kowa na saye, ni ma gidanmu da shi ake girki, kuma ban ga laifin talakan da ba shi da kuɗin gas ba, amma dajin fa yana tafiya. A Sulayyil muka kwana, riyal 150.

Juma'a bayan an sauko masallaci muka haɗu da ɗan jagoranmu, wani Badosare (ɗan ƙabilar Dawasir) siriri mai kimanin shekara hamsin, da motarsa Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da suke ce ma shas. Muka bi shi kudu a titin Najran, muka wuce kusa da Faw, tsohon birnin masarautar Kinda tun kafin Musulunci, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Daga hagunmu dutsen Ɗuwaiƙ ya miƙe kamar ganuwa, a nan ne yake ƙarewa yashi ya haɗiye shi. Aka duba takardarmu a mashiga aka rubuta lambar mota, aka karanta mana sharuɗɗa, ba bindiga, ba tsinkar itace, ba barin shara, ba bin dabba da mota, ba sauka daga sawun jagora.

Uruƙ Bani Ma'arid kenan, gefen yamma na Rub'ul Khali, fili sama da murabba'in kilomita 12,000. A 1995 aka fara sakin mariri a nan, kuma a 2023 UNESCO ta sa shi cikin jerinta, shine wuri na farko a Saudiyya da ya shiga saboda halittar Allah ba don gini ko tarihi ba. Uruƙ jijiyoyi kenan da Larabci, kuma haka tudun yashin suke, dogaye a jere kamar kunyoyin gona, sai dai wata kunyar ta fi bene mai hawa talatin tsawo, tsakaninsu kwari mai tsakuwa inda mota ke bi. Jagora ya sa muka rage iskar tayoyi har suka yi taushi suka baje. Duk da haka kafin magariba mun kafe sau ɗaya, motar ta nutse har ciki, muka yi ta tono da hannu da shebur kusan minti arba'in, Kawu na gefe yana ja mana salati, sai da shas ɗin ta ja mu da igiya.

Sanyin daren nan ban taɓa jin irinsa ba, bargo biyu da rigar sanyi amma haƙorana na haɗuwa. Taurari kuwa kamar ka miƙa hannu ka ɗebo. Muna zagaye da wuta jagoran na zuba mana gahawa, Yaya na fassara inda Larabcina ya gaza, yace mahaifinsa ya taɓa farautar maha, shi kuma yau aikinsa gadinta. Yace da bazara suna komawa yamma wajen kwazazzaban dutse inda akwai inuwar itace, su tona rami da kofato a gindin bishiya su kwanta cikin ƙasa mai sanyi har rana ta yi sanyi, da hunturu in an samu ruwa sai su bazu cikin yashi. Sukan yi watanni ba su sa ruwa a baki ba, raɓar asuba da ɗanyen ganye da saiwar da suke tonowa sun ishe su, har gunar daji mai ɗaci suna ci. Mace ɗa ɗaya take haifa bayan wata takwas da 'yan kwanaki, to ka ga in aka kashe goma ba yau ba gobe za a mayar dasu. Ya kuma kawo misalin Oman, inda aka fara sakinsu a 1982 har suka kai wajen 450, sai masu kamawa suna sayarwa suka sa su gaba, aka kuma rage filin saboda neman mai, a 2007 UNESCO ta cire wurin daga jerinta, karo na farko da aka taɓa yi wa wani wuri haka. Yace saki ba wuya, tsarewa shekara talatin ita ce aikin.

Nan Kawu ya gyara zama yace ai wannan ba sabon abu bane a addini, Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, shine hima, mu kuma hurumi muke cewa. Yace da a garinsu akwai makiyaya akwai burtali, kowa ya san iyakarsu, sarki na hukunta wanda ya sa garma a ciki, akwai ma dajin da ba a shiga sai bayan kaka. Jagoran ya ji kalmar hima ya yi ta gyaɗa kai. Ni kuma Dajin Rugu ya faɗo min, wanda iyayenmu ke bada labarin namun da ke cikinsa, yau in an ambace shi ba dabba ke zuwa ran mutum ba, tsoro ne. Ban iya cewa komai ba.

Da asuba bayan mun yi sallah da taimama saboda ruwan jarka ya yi sanyin da Kawu ba zai iya ba, muka fita a mota ɗaya, a hankali. Jagoran na tuƙi kansa a waje ta taga yana karanta ƙasa. Can ya tsaya ya sauka ya kira mu. Sawu ne, kofato mai faɗi rabe biyu ya fi na saniya ƙanƙanta ya fi na akuya girma, gefensa bai ruguje ba, ya nuna mana wani ƙarami a tsakiyarsu yace akwai jariri, ya ɗauki kashin ya murza da yatsa yana da danshi, yace ba su yi awa ɗaya da wucewa ba. Ga inda suka ciji wata ciyawa mai rawayar fulawa da yake kira zahar, ni da na duba sai naga 'yar'uwar tsidau ce tamu.

Muka bar motar muka hau tudu da ƙafa, ni da Yaya muna riƙe da Kawu ta kowane gefe, taku biyu gaba ɗaya baya saboda yashin na zamewa, yana haki amma ya ƙi a tsaya. Da muka kai ƙarshe jagoran yace mu kwanta rub da ciki.

Suna nan ƙasa cikin kwarin, guda bakwai da ɗan ƙarami. Rana ta fara fitowa ta bugi jikinsu, fari tas kamar sabon alawayyo, ƙafafu baƙaƙe kamar sun sa safa, fuska da zanen baƙi daga ido zuwa muƙamuƙi da kan hanci, ƙahonin nan biyu dogaye siriri a miƙe, in ɗaya ta juya gefe sai ka rantse ƙaho ɗaya gare ta. Ɗan kuma ba fari bane, kalar yashin ce sak, in ya kwanta ba ka ganinsa, sai da ya motsa ya bi uwar na gane shi. Ba su gudu ba. Wata babba ta ɗaga kai ta fuskanto mu ta daɗe, iska na kaɗa jelarta, sannan ta sunkuya ta ci gaba da tonon wani abu da ƙafar gaba. Shiru wurin har ina jin ƙarar yashi na gangarawa daga gwiwar hannuna.

Yaya ya saita wa Kawu madubin hangen nesa ya riƙe masa don hannunsa na rawa. Ya daɗe yana kallo. Sai naji yana "Allahu Akbar, Allahu Akbar" ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Can yace "ɗan nan, ita ce, amma ba ita bace. Tamu ƙahonta lanƙwashe yake ya koma baya kamar takobi, kuma wuyanta ja ne." Shekara sittin da wani abu amma bai manta ba. Yaya yace gaskiya ne Baba, 'yan'uwa ne, ta Sahel daban, ita ma an bayyana ta ƙare a daji a 2000, amma tun 2016 aka fara mayar da ita Chadi a dajin Wadi Rime da Wadi Ashim da taimakon Abu Dabi, suna ta haihuwa a can, har a ƙarshen 2023 an cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji, kamar yadda ita wannan ta Larabawa aka sassauta matsayinta tun 2011. Kawu ya sauke madubin ya kalle shi yace "Chadi? Nan Chadi kusa damu?" Yace eh Baba.

Mun fi minti arba'in a kwance a wurin har suka haura ɗaya tudun ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin a tsakiya, ƙahoninsu ne ƙarshen abinda ya ɓace. Da muka sauko Kawu ya je inda sawun yake ya durƙusa ya sa tafin hannunsa a kai.

Dawowa kwana biyu muka yi ta hanyar da muka zo, ba wani abu sai taya ɗaya da ta yi faci kusa da Ranya, riyal 25. Mun so mu sake biyawa wajen ɗan'uwanmu na Mai Wurno mu kai masa sukari da ganyen shayi, muka tarar tantin na nan shi ya fita da raƙuma, sai muka rataye masa ledar a jikin tankar ruwa. Duka tafiyar kusan kilomita 2,000, mai ya ci wajen riyal 750, kwana da abinci da sallamar jagora da sauran tarkace suka kai abin wajen riyal 2,300, muka raba ni da Yaya, Kawu ya so ya sa hannu muka hana.

Tun da muka dawo Kawu bai zauna ba. Ya sa an tura hotunan a zauren WhatsApp na danginmu na Dakoro, ya yi musu saƙon murya kusan na minti goma yana tambaya ko garkuwar kakanmu na nan a wani gida, kuma wa ke kula da dajin Gadabeji yanzu, da gaske ne an kai raƙuman dawa can, ciyawar ta dawo ko kuwa. Wani ƙaninsa ya amsa cewa garkuwar na nan, ɓera ya ci gefe ɗaya amma tana nan rataye a ɗakin tsohuwa. Jiya da daddare na je gaishe shi na tarar ya sa Yaya a gaba da waya, wai a duba masa kuɗin jirgi daga Jidda zuwa Injamena, da kuma wane wata ne ya fi dacewa a shiga dajin can.